Sikeli da Farashi: Manoman Koko na Gana da Cinikin Adalci

Kokon da ake yin cakulan da shi ba amfanin gonar Afirka ba ne tun asali, daga Kudancin Amurka ya fito. A ƙasar Gana ana danganta yaɗuwarsa ga wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie, wanda ya komo gida da irinsa daga tsibirin Fernando Po a 1879, ya shuka a Mampong. Zuwa 1911, ƙasar, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, ta zarce kowace ƙasa a duniya wajen fitar da koko. Ba Turawa ne suka yi wannan aiki ba. Ƙananan manoma ne suka sare daji suka dasa itatuwa, suka ɗauki 'yan ƙodago daga arewacin ƙasar da maƙwabtanta. Kumasi, wadda fataken Hausa suka san ƙasarta tun zamanin fataucin goro, ta zama cibiyar wannan sabon arziki.

Sai dai tun farko abu biyu ba su hannun manomi: sikeli da farashi. Dillali ne ke auna kaya, kamfanonin Turai ne ke yanke kuɗi. Tarihin koko a Gana kusan duk kokawa ce a kan waɗannan biyun, kuma cinikin adalci babi ɗaya ne a cikinta.

A 1937 manyan kamfanonin da ke sayen koko, ciki har da UAC, suka yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su ƙara yin gasar farashi ba. Da labari ya bazu, manoma da sarakunansu da dillalai suka haɗa baki: ba za su sayar da koko ba, ba kuma za su sayi kayan Turawa ba. Aka yi watanni a haka, har zuwa Afrilun 1938. Birtaniya ta turo kwamitin bincike na Nowell, wanda ya soki yarjejeniyar. Amma da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe sayen koko baki ɗaya, sannan a 1947 ta kafa hukumar cinikin koko. Irin wannan tsari ne aka yi wa gyaɗar Kano a shekarun dalar gyaɗa.

An ce an kafa hukumar ne don ta kare manomi daga hawa da saukar kasuwar duniya. A aikace sai ta zama hanyar tara wa gwamnati kuɗi. A 1954 gwamnatin Kwame Nkrumah ta tsayar da farashin kaya ɗaya a sule 72 na tsawon shekara huɗu, alhali kuwa koko na tsada a duniya. Fushin da wannan ya jawo yana cikin dalilan kafa jam'iyyar adawa ta NLM a Kumasi a wannan shekara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sannu a hankali manoma suka daina kula da gonaki, wasu suka koma fasa-ƙwaurin koko zuwa Kwaddibuwa da Togo. Ƙasar da ta fitar da fiye da tan 500,000 a tsakiyar shekarun 1960, ta kasa kai tan 200,000 bayan fari da gobarar daji ta 1983.

A waɗannan shekaru ne wani tunani ya kankama a Turai. A 1988 aka fito da tambarin Max Havelaar a ƙasar Holan, don gahawar wasu ƙananan manoma na Meksiko. Dabarar mai sauƙi ce: a manna wa kaya alama a kanti, mai saye ya san cewa an biya manomi kuɗin da ba zai gaza wani ƙayyadadden farashi ba ko da kasuwa ta faɗi, an kuma ƙara wani kuɗi na daban wanda ƙungiyar manoma za ta yanke abin da za ta yi da shi. Wasu ƙasashe suka kwaikwaya, a 1997 kuma suka haɗe a inuwa guda mai hedikwata a Bonn ta Jamus. Ita ce ake kira Fairtrade a yau.

Ƙofar ta buɗe wa Gana a 1993, lokacin da gwamnati ta ba kamfanoni masu lasisi damar sayen koko a ƙauyuka, ko da yake ta riƙe ikon yanke farashi da fitarwa waje. Wasu manoma ƙarƙashin jagorancin Nana Frimpong Abebrese, da taimakon ƙungiyar Twin ta Ingila, suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suka kafa ƙungiyar gama-kai mai suna Kuapa Kokoo, wato manomin koko nagari a harshen Twi. Abin da ya fara jawo mata jama'a ba kuɗin Turai ba ne, sikeli ne. Kowane ƙauye shi ke zaɓen wanda zai auna kaya ya rubuta, kuma manomi na da damar duba awon da idonsa. Ga mutumin da ya saba ganin ana zaftare masa kilo biyu ko uku a kowane buhu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 1995 ƙungiyar ta sami shaidar Fairtrade, kuɗin ƙarin kuwa ya tafi ga rijiyoyin burtsatse, ajujuwan makaranta da asibitin tafi-da-gidanka.

Sai manoman suka ƙara taku. Sun lura cewa ribar ba a buhun koko take ba, tana cikin sandar cakulan. A babban taronsu na 1997 suka amince a kafa kamfanin cakulan nasu. A 1998 aka kafa shi a Ingila, Kuapa Kokoo na riƙe da kashi ɗaya cikin uku na hannun jari, tana kuma da kujeru a majalisar daraktoci. A 2006 kamfanin The Body Shop ya ba ta kyautar nasa hannun jarin, rabonta ya haura kashi 40 cikin 100. Cakulan ɗin Divine ke nan. Manomin da bai taɓa ɗanɗana cakulan ba ya zama mai rabo a ribar kanti.

Amma tsarin yana da iyaka, kuma tarihi ya nuna ta. Shaidar Fairtrade ba ta tilasta wa kowa saye. Ƙungiya na iya cika dukkan sharuɗɗa, amma kaso kaɗan na kokonta ya sami mai saye da farashin adalci, sauran ya bi kasuwa kamar na kowa. A 2009 Cadbury ya sa tambarin a kan cakulan ɗinsa na Dairy Milk, cinikin manoman Gana ya bunƙasa. A 2016 kamfanin Mondelez, wanda ya mallaki Cadbury, ya sanar da komawa ga shirinsa na kansa mai suna Cocoa Life. A 2019 Twin ta durƙushe, a 2020 kuma kamfanin Weinrich na Jamus, wanda dama shi ke sarrafa cakulan ɗin, ya sayi mafi yawan hannun jarin Divine, Kuapa Kokoo ta tsira da kashi 20.

Akwai kuma mutumin da tsarin bai cika gani ba. Gonaki da yawa ba masu su ne ke noma su ba. Wani ne ke kula da su a tsarin da ake kira abusa, inda yake samun kashi ɗaya cikin uku na amfanin. Da yawa daga cikin waɗannan 'yan ci-rani ne daga arewa. Katin ƙungiya kuwa sau da yawa sunan mai gona ke kai, shi ke jefa ƙuri'a, shi ke karɓar rabo.

Batun farashi ma bai mutu ba. A 2019 Fairtrade ta ɗaga mafi ƙarancin farashinta daga dala 2,000 zuwa 2,400 a kowane tan, kuɗin ƙari kuma daga 200 zuwa 240. A shekarar ce Gana da Kwaddibuwa, waɗanda ke noma fiye da rabin kokon duniya, suka haɗa kai suka ɗora wa masu saye ƙarin dala 400 a kowane tan. Duk wanda ya san labarin 1937 zai ga kama. Da farashi ya haura dala 10,000 a kasuwar New York a 2024, manomin Gana bai ga ko rabinsa ba, domin hukuma ta riga ta sayar da kokon tun kafin a girbe, ta kuma yanke masa nasa farashin.

Saboda haka abin da cinikin adalci ya bar wa manoman Gana wanda ya fi ɗorewa shi ne abin da suka gina da hannunsu: ƙungiya, zaɓe, da awo na gaskiya. Abin da ya rataya ga son ran mai saye kuwa ya zo, wani ya tafi. Har yanzu a Landan da New York ake yanke farashin koko, a Turai ake sarrafa kaso mai yawa daga cikinsa, kuma ɗan abusa na jiran ranar da za a rubuta sunansa a littafin ƙungiya.