Daga hoto mai hazo zuwa hoton da ya fi mai shi kyau: tarihin kamarar salula



Kwanan baya a fadarmu nan Maraɗi, bayan sallar isha'i, gardama ta sarƙe tsakanin samari biyu a kan salula. Ɗaya ya sayo sabuwa dal, an rubuta 108 da manyan lambobi a jikin kwalinta, bayanta idanu huɗu reras. Ɗayan tasa ta hannu ce, ta kwan biyu, kamararta 12 kacal. Mai sabuwar ya ce ai lissafi ba ya ƙarya, 108 ta ninka 12 har sau tara. Aka ce to a gwada a kan mai shayi, wanda ke duƙe gaban gawayi ƙarƙashin ƙwan lantarki guda. Aka ɗauka, aka jera wayoyin bisa tabarma. A hoton tsohuwar ana ganin tsagar fuskarsa da tiririn buta. A na sabuwar kuwa fuskar ta yi sumul kamar an yaɓe ta, tsagar ta ɓace, kuma ya yi fari fiye da yadda Allah ya halicce shi. Mai shayi ya diba ya ce: "Wanga ba ni ba ne, sai dai in wani ƙanena da ba a haifa ba."

An yi dariya an watse, amma mu abin ya tsaya mana a rai. Shi ya sa muka koma baya muka bi sawun kamarar salula tun daga farkonta, don mu ga ina lambar kwali take da gaskiya, ina kuma take yaudara.

Mu da muka haura talatin mun riski zamanin situdiyo. Ranar Sallah a yi wanka a sa sabon ɗinki, a je a yi layi gaban mai hoto, a tsaya gaban labule mai zanen bene ko jirgin sama, a jira kwanaki kafin a wanke. Tun kafin mu, a Yamai an yi wani mai ɗaukar hoto, Philippe Koudjina, wanda ya bi gidajen rawa da shagulgulan dare na birnin a shekarun 1960 da 1970 da kamararsa. Hotunansa baƙi da fari ne, amma duk wanda ya gan su ya san fuskokin mutanenmu sun fito raɗau, cikin dare kuwa. Matsala ta fi bayyana da hoto mai kala ya zo. Kamfanin Kodak na Amurka ya daɗe yana raba ma masu wankin hoto wani kati mai hoton wata Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, da shi ake daidaita kalar na'ura. Wato fatar Bature ce ma'auni. Sai a shekarun 1990 aka fito da katin da ya haɗa da baƙar mace. Ku riƙe wannan, don zai sake dawo mana a cikin salula.

Kamara ta shiga waya ne daga Japan. A 1999 kamfanin Kyocera ya fito da VP-210, a ƙarshen 2000 kuma Sharp ya fito da J-SH04. Hoton kowace ɗigo dubu 110 ne. Ɗigon nan shi ake ce ma fiksel, miliyan ɗaya daga cikinsa shi ne megafiksel guda, kun ga ke nan wayoyin farko ko kashi ɗaya cikin tara na megafiksel ba su wuce ba. A 2002 Nokia ta fito da 7650, wayarta ta farko mai kamara, da megafiksel 0.3.

A daidai lokacin mu nan rezo ma yake shigowa. Celtel, wadda ta koma Zain a 2008 sannan Airtel a 2010, ta fara aiki a Nijar a 2001. Abin da ya dame mu a lokacin shi ne a samu inda waya ke kamawa, ko da bisa tudu ne ko gindin wata bishiya. Nokia 3310 da 1100 mai tocila su ne sarakai, kuma ba mai kamara a cikinsu. Masu kamarar sun biyo baya ta hannun ƴan kasuwar da ke sari a Kano, da alhazai, da ƴan bida masu dawowa daga Libiya da Abijan. Sai ga wayoyin Sin masu pus biyu, da eriyar talabijin, da lasifikar da ke tada unguwa. Kwalinsu ya faɗi abin da ya ga dama, amma hoton da ke fitowa sai ka rantse an ɗauke shi tsakiyar hazon hunturu. In rana ta faɗi kuwa, abin da za ka gani a hoton mutum idanu ne da haƙora, sauran duk duhu. Mun yi ta ba'a da wannan, ba mu san tsohon ciwon nan na ma'auni ba ne ya biyo mu cikin aljihu: an ƙera na'urar tana auna haske da farar fata.

Tsakanin 2005 da 2007 aka yi tsalle na gaske. Sony Ericsson K750i ta zo da megafiksel 2 kuma tana daidaita gani da kanta. Nokia N73 ta zo da 3.2 da gilashin kamfanin Carl Zeiss na Jamus, N95 ta biyo da 5 a 2007. Wanda ya riƙe N95 a Damagaram ko Tawa a wancan lokacin, shi ake nema ranar suna. Abin dariya, iPhone ta farko da ta fito a wannan shekarar megafiksel 2 gare ta, ko bidiyo ba ta ɗauka. A wannan zango dai lambar kwali tana da gaskiya, domin daga 0.3 zuwa 2 zuwa 5 ido na ganin bambanci. Hoto mai megafiksel 2 ya isa a wanke shi a girman da aka saba sawa cikin albam, na 0.3 kuwa sai ya farfashe.

Daga nan ne aka shiga tseren lamba, kuma daga nan ne lamba ta fara rabuwa da gaskiya. A 2012 Nokia ta girgiza duniya da 808 PureView mai megafiksel 41. Hotonta ya yi kyau ƙwarai, amma sirrin yana wani wuri: farantin da ke karɓar haske a bayan gilashinta ƙato ne, shi ya sa ma bayan wayar ya yi ƙusumbi.

Bari mu yi misali da abin da kowa ya sani. Ruwan sama ya sauko, kana son tara ruwa a tsakar gida. In tsakar gidan ƙarama ce, ko ka jera ƙananan kofuna ɗari, ko ka jera manyan bahuna goma sha biyu, ruwan da zai sauka a filin ɗaya ne. Kofunan ma kowane ɗan tsiyaye zai samu, rabinsa ƙura. Haske haka yake. Da rana tsaka, lokacin da ake kwarara shi kamar ruwan Agusta, kowace waya gwana ce. Da dare, da yake yayyafi ne, sai mai faɗin fili da manyan bahuna ke samun abin kirki. Masu ƙera wayoyin sun san da haka. A 2013 HTC ta fito da babbar wayarta da megafiksel 4 kawai. A 2016 Samsung ta sauko daga 16 na Galaxy S6 zuwa 12 a S7, hoton dare kuma ya ƙara kyau. Apple ta zauna a kan 12 tun daga 2015 har 2021 ba ta motsa ba. Su kansu wayoyin da ke da 108, irin Galaxy S20 Ultra ta 2020, in ka ɗauki hoto yadda aka saba, haɗa ɗigo tara suke su zama ɗaya, abin da ke fitowa 12 ne. Saurayin fadarmu da ya ce 108 ta ninka 12 sau tara bai yi kuskuren lissafi ba. Wayar ce ke raba masa shi gida tara ba tare da ta gaya masa ba.

Idanun nan huɗu ma, a wayoyi masu sauƙin kuɗɗi, sau da yawa ɗaya ne ke aikin. Sauran ƴan megafiksel 2 ne, ƴan rakiya.

Batun fatarmu fa? A nan dole a yi adalci. Wanda ya fara ɗaukar abin da muhimmanci a kasuwarmu shi ne Transsion, kamfanin ƙasar Sin mai Tecno da itel da Infinix, wanda ya kafa kasuwancinsa kacokan a kan Afirka. Ya tattara hotunan baƙaƙen mutane masu yawa, ya gyara yadda kamararsa ke gane fuska da auna haske a kanta. Da jerin Tecno Camon suka bazu daga wajen 2015, da filas a gaba don selfi, a karon farko talaka ya ɗauki hoton biki da dare ya ga amarya da ƙawayenta kowa da kamanninta. Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Google sai a 2021, da Pixel 6, ya fito da nasa tsarin mai suna Real Tone don gyara wannan matsala. Manyan sun zo a makare.

Amma a daidai shekarun nan wani abu ya canza wanda bai fito a jikin kwali ba. Kamara ta daina zama gilashi da faranti kawai, ta koma ƙwaƙwalwa. Tun daga Pixel ta farko a 2016, da tsarin hoton dare da Google ya fitar a 2018, wanda kusan kowa ya kwaikwaya, in ka danna sau ɗaya wayar hotuna da yawa take ɗauka a jere, ta haɗa su, ta share dusar, ta ƙara haske inda ta ga dama. Shi ya sa take ce maka ka tsaya cak. Shi ya sa kuma a filin kokowa, ko wajen hawan Sallah ƙofar fadar Sultan na Damagaram in yamma ta yi, ginin zai fito tsaf amma ɗan kokowar ko dokin ya zama inuwa. Abin da ke motsi ba ya jiran a haɗa shi.

Ƙwaƙwalwar nan har takan wuce gona da iri. A watan Maris na 2023 wani ya dusashe hoton wata da gangan a allon kwamfuta, ya ɗauke shi daga nesa da wayar Samsung, sai ga wata ya fito da ramukansa da zanensa, abin da babu shi a allon. Kamfanin ya yi bayanin cewa wayar na gane wata ne ta ƙara masa kyau da abin da aka koya mata. To mu da ke fita duban jinjirin watan azumi, sai mu san irin shaidar da za mu riƙa karɓa daga salula.

Inda abin ya fi taɓa mu shi ne fuska. Da an gyara kamara ta iya ganin baƙar fata, sai kasuwa ta lura cewa mutane sun fi son hoton da ya ƙara masu haske. Wayoyi da dama yanzu suna zuwa da gyaran fuska a kunne tun daga kwali, musamman kamarar gaba: ta goge ƙuraje, ta goge tsaga, ta rage hanci, ta ƙara fari. Da can na'ura ba ta ganinmu, yanzu tana ganinmu amma tana yi mana bilicin ba da shawararmu ba. Mu da ke aikin rediyo mun ga illar wannan da idonmu. An taɓa kawo mana cigiyar wata yarinya da ta ɓata, aka turo hotonta don a yaɗa. Da muka nuna ma wata maƙwabciyarsu da ta rako uwar, sai ta yi shiru, can ta ce ita kam da a hanya ta ga mai wannan hoton ba za ta ce ita ce ba. Aka bincike wayoyin gidan kaf, duk hotunan yarinyar haka suke, fari tas, ba tabon da ke goshinta. Alhamdu lillahi an gan ta lahiya lau bayan kwana biyu, amma bayanin baki ne ya taimaka, kalar zanenta da tabon nan da waya ta goge.

Ga kuma abin da ke faruwa bayan an ɗauka. Kusan duk hotonmu ta WhatsApp yake yawo, shi kuma matse hoto yake don ya rage cin intanet, galibi abin da ke isa ga ɗan'uwanka bai fi megafiksel 2 ba. Wato ka biya kuɗɗin 108, an kai ma gwaggonka hoton zamanin K750i. Tun 2023 akwai alamar HD da za ka danna kafin ka tura, ko ka aika hoton a matsayin takarda in kana son ya isa yadda yake. Kuma kafin a zargi waya, a riƙa goge gilashin da gefen riga, don ƙurar hunturu da maiƙon hannu sun ɓata hotuna fiye da ƙarancin megafiksel.

Wani abin da ya ba mu tausayi da muke wannan bincike: mun tambayi abokai su nuna mana hoto guda da suka ɗauka da salula tsakanin 2005 da 2012. Da ƙyar aka samu. Memuwar ta ƙone, waya ta faɗa rijiya, an sace, an saida ba a kwashe ba. Amma kusan kowa ya san inda hoton auren iyayensa yake, na situdiyo, cikin akwati ko jikin bango.

Daren jiya mun koma fada. Muka karɓi sabuwar wayar nan, muka shiga cikin saitinta muka kashe gyaran fuska, muka goge gilashi, muka matso da mai shayi kusa da ƙwan lantarki, muka ce ya daina fifita gawayi na ɗan lokaci. Hoton bai kai na tsohuwar tsabta ba, akwai ɗan dusa-dusa a inuwar hularsa, amma tsagar ta dawo, kalarsa ta dawo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kai a wanke masa guda biyu, ɗaya na ɗakinsa, ɗaya a aika ma tsohuwarsa a ƙauye.