Ƙasa Ce Ke Zaɓar Takalmi

Mu da muka tashi tsakanin Sabon Birni da Isa, ba da takalmi muka koyi ƙwallo ba. Da la'asar ta yi sanyi sai mu tara silifas ɗinmu su zama raga, mu shiga fili da ƙafar da Allah Ya ba mu. Tsaidau da ƙarangiya ne kawai abin tsoronmu. Yaron da yayansa ya kawo wa but daga Sakkwato ko Maraɗi kuwa, kallon wanda ya riga ya ci wasa muke yi masa. Sai da muka girma muka bi tarihin wasan, muka gane takalmi ba ya ƙara wa kowa gwaninta. Aikinsa ya sasanta ƙafa da ƙasar da take takawa.

A Ingila aka rubuta dokokin ƙwallon ƙafa a 1863, kuma abin da suka ce game da takalmi hani ne: kada a shiga fili da ƙusoshi ko ƙarfe a tafinsa. Da takalmansu na aiki, masu rufe idon sawu, 'yan wasan farko ke bugawa. Daga baya aka yarda a sa wa takalmin haƙora, domin filayen can ciyawa ce da taɓo, ruwa ba ya ɗaukewa. Wato but ɗan ƙasar damina ne tun asalinsa.

Nijeriya ta ga haka da idonta a 1949, lokacin da zaɓaɓɓun 'yan wasanta suka hau jirgin ruwa daga Legas zuwa Ingila. Etim Henshaw ne kyaftin, kuma a cikinsu akwai Teslim Balogun, wanda yau wani filin wasa a Legas ke ɗauke da sunansa. Yawancinsu ba su sa takalmi ba, ƙyalle kawai suka naɗa a ƙafa. A wasan farko, ranar 31 ga Agusta, suka lallasa ƙungiyar Marine da ke kusa da Liverpool da ci 5 da 2, Turawa suna ta mamaki. Amma cikin wasanni 9 biyu kaɗai suka ci, suka yi kunnen doki biyu, aka ci su biyar. Kayen da ya fi muni, 8 da nema, a jiƙaƙƙen fili suka sha shi. Gwanintarsu tana nan, ƙasa ce ta daina riƙe ƙafarsu.

Bayan shekara biyar sai darasin ya maimaita kansa a wasan ƙarshe na cin Kofin Duniya, ranar 4 ga Yulin 1954, a birnin Bern na Suwizalan. Hungary ta riga ta ci Jamus ta Yamma 8 da 3 a zagayen farko, kowa ya ɗauka kofi nata ne. Sai ruwa ya sauko ranar wasan. Adi Dassler, wanda ya kafa kamfanin Adidas, ya tanadar wa Jamusawa but mai haƙoran da ake kwancewa a ɗaura wasu, don haka aka ɗaura musu dogaye. Suka ci 3 da 2. Ba takalmi kaɗai ya ci wasan ba, amma ranar duniya ta yarda cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

To, wace ƙasa muke da ita a Gobir? Iri uku ce. Akwai jigawa, inda rairayi ke cinye gudun ƙwallo, ƙafa kuma ta nutse. Akwai lakar fadamar Rima, wadda ke santsi da damina. Akwai kuma filin makaranta da hunturu ke busarwa ya koma kamar daɓe. Yawancin but ɗin da ke zuwa kasuwanninmu gwanjo ne, kuma da yawa an ƙera su don ciyawa mai laushi. A busasshen fili dogon haƙori ba ya shiga ƙasa. Nauyin mutum duka sai ya taru a kan 'yan tsinkaye, tafin ƙafa ya yi zafi, idon sawu ya riƙa lilo, juyi ɗaya a ji targaɗe. Nan kambas ko takalmi mai ƙananan haƙoran roba masu yawa ya fi amfani. Girma ma abin dubawa ne. Iyaye kan sayi babba don yaro ya daɗe yana sawa, a cusa tsumma a gaba, alhali ƙafar da ke yawo cikin takalmi ba ta jin ƙwallo, sai dai ta tara bororo.

Kada wannan ya sa mu ce a zauna babu takalmi. Dokar wasa ta yau ta wajabta shi, kuma tun 1990 ta wajabta makarin ƙwauri. Babu ƙungiyar da za ta gwada yaro da ƙafa tsirara. Rashin tsaron shekarun nan ya kori iyalai da dama daga ƙauyukan Isa da Sabon Birni zuwa Sakkwato da yankin Maraɗi, 'ya'yansu na bugawa a filayen da ba su saba da su ba. Mun sha ganin yaron da ba a iya ƙwace masa ƙwallo a rairayi ya ari but da safen ranar gwaji, ya riƙa tuntuɓe kamar ɗan koyo, a sallame shi kafin a tafi hutun rabin lokaci.

Saboda haka mai niyyar saya wa ƙanensa ko ɗansa takalmi, ya fara zuwa ya taka filin da yaron ke bugawa. Ya sayi daidai ƙafarsa ko da gwanjo ne, ya kuma ba shi makonni yana atisaye da shi kafin ranar da za a zo kallonsa.