Matambayi Ba Ya Ɓata: Tarihin Tantance Shan Giya Tsakanin Matasa

Tsawon ƙarnoni, likita ba ya haɗuwa da mashayi sai aikin gama ya gama: hanta ta lalace, hannu yana rawa, gida ya watse. Kafin nan, lamarin mashayi na alƙali ne da mai wa'azi. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda masana lafiya suka koyi yin tambaya tun da wuri, da kuma dalilin da ya sa aka ware wa matasa tasu tambayar.

Matakin farko shi ne amincewa da cewa jarabar giya cuta ce. A shekarar 1784, wani likitan birnin Filadelfiya na Amurka, Benjamin Rush, ya wallafa ɗan littafi a kan illar barasa, inda ya ɗauki yawan maye a matsayin ciwon da ke buƙatar magani. A 1849 kuma, likitan ƙasar Suwidin, Magnus Huss, ya raɗa wa cutar sunan da Turawa ke kiran ta da shi har yau. Sai dai sanin sunan cuta daban, gano mai ɗauke da ita daban. Mashayi ba ya zuwa asibiti ya ce giya ce ta kawo shi. Da ciwon ciki yake zuwa, ko rashin barci, ko karaya.

Wannan giɓi ne John Ewing na Jami'ar Karolina ta Arewa ya so cikewa a 1968, lokacin da ya tsara gajerun tambayoyi huɗu da aka sani da CAGE. Ana tambayar mutum ko ya taɓa jin ya kamata ya rage sha, ko yana fusata idan aka yi masa faɗa a kai, ko ya taɓa jin nadama, da kuma ko yakan buɗe safiyarsa da kurɓa don jikinsa ya daidaita. Amsa biyu ta "e" ta isa a zurfafa bincike. A 1971, Melvin Selzer na Mishigan ya fito da nasa ma'aunin mai tambayoyi 25. Duka biyun sun yi amfani, amma wanda ya riga ya nitse suke kamawa, ba wanda yake bakin ruwa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lura da haka. A 1982 ta fara wani aiki a ƙasashe shida: Ostireliya, Bulgeriya, Kenya, Meksiko, Norwe da Amurka. Daga nan aka samu ma'aunin AUDIT, wanda aka wallafa a 1989. Tambayoyinsa goma ne, makinsa daga 0 zuwa 40, kuma wanda ya kai 8 ana ɗaukar shansa ya shiga haɗari. Sabon abin da ya zo da shi shi ne tambayar yawan abin da ake sha da kuma sau nawa, ta yadda za a gano mutum tun jaraba ba ta kama shi ba. Shigar Kenya cikin aikin ta nuna cewa ba don Turawa kaɗai aka yi ma'aunin ba.

Duk da haka, da manya aka gwada waɗannan ma'aunai. Ɗan shekara 16 da wuya ya tashi da safe jikinsa yana kakkarwa, domin shekarun shansa ba su kai nan ba. Abin da ke halaka matashi na nan take ne: hatsarin mota, faɗa, faɗuwa a jarrabawa, ko shan da ya wuce kima a dare ɗaya. Saboda haka a 1999, John Knight da abokan aikinsa a Asibitin Yara na Boston suka fitar da CRAFFT, tambayoyi shida da suka dace da rayuwar matashi, kuma suka haɗa giya da sauran kayan maye. Ana tambayarsa ko ya taɓa shiga motar da direbanta ya bugu, ko yana sha don ya samu natsuwa ko ya saje da abokai, ko yana sha shi kaɗai, ko yana manta abin da ya aikata cikin maye, ko dangi da abokai sun taɓa ce masa ya rage, da kuma ko shan ya taɓa jefa shi cikin matsala. A 2011, Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta shawarci mambobinta su riƙa yi wa kowane matashi irin wannan tambaya, ba sai wanda ake zargi ba.

A nan ne darasin wannan tarihi yake. Idan kowa ake tambaya, tambaya ta daina zama tuhuma. Idan kuma a keɓe aka yi ta, tare da alƙawarin rufin asiri, sai yaro ya faɗi abin da ba zai iya faɗa a gaban mahaifinsa ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A ƙasar Hausa, inda addini ya haramta giya kuma kunya ta lulluɓe zancenta, matashin da ya fara sha ya fi kowa iya ɓoyewa. Hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin da gwamnatin Najeriya ta yi a 2018 ya nuna yadda shaye-shaye ke yaɗuwa cikin shiru kafin a farga.

Daga ɗan littafin Rush zuwa tambayoyin Knight shekara 215 ce. Abin da aka gano a ƙarshe ba na'ura ba ce mai tsada, 'yan mintuna ne na ma'aikacin lafiya da tambaya cikin mutunci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai an san inda ya karkata, kuma ba za a sani ba sai an tambaya.