Zoben Tumbi: Tiyatar Ƙiba da Ta Yi Tashe, Ta Dusashe

A ranar 1 ga Satumbar 1993, a wani asibiti da ke Huy, ƙaramin gari a bakin kogin Meuse a ƙasar Beljiyam, wani likitan fiɗa ya yi 'yan ƙananan huji a cikin majiyyaci, ya zura kyamara da dogayen kayan aiki, ya ɗaura zoben silikon a saman tumbi. Sunan likitan Mitiku Belachew, haifaffen Habasha, wanda ya yi kiwo yana yaro kafin boko ya kai shi Beljiyam karatun likita. Bai yanke komai daga tumbin ba, bai kuma taɓa hanji ba. Zoben da ya sa ranar shi ne aka sani da Lap-Band, kuma cikin shekara 15 irin wannan aiki ya kai kusan kashi 42 cikin 100 na duk tiyatar rage ƙiba da ake yi a duniya.

Ba za a gane dalilin wannan rububi ba sai an san abin da masu ƙiba mai tsanani suka sha a hannun likitocin fiɗa kafin nan. A shekarun 1950, likitoci a Jami'ar Minnesota ta Amurka, irin su Arnold Kremen da John Linner, suka fara nazarin tsallake mafi yawan ƙaramin hanji, domin abinci ya wuce ba tare da jiki ya tsotsi amfaninsa ba. Mutane sun rame ƙwarai. Amma sun biya da tsada: zawo ba dare ba rana, tsakuwa a ƙoda, lalacewar hanta, wasu ma suka rasa rayukansu. A tsakiyar shekarun 1960 Edward Mason na Jami'ar Iowa ya koma kan tumbin kansa, ya ware ƙaramin sashe ya haɗa shi kai tsaye da hanji. Daga baya, a farkon shekarun 1980, ya ɓullo da ɗinke tumbi da ƙusoshin tiyata tare da ɗaure mafitarsa. Duk waɗannan ayyuka ne na farke ciki, ga doguwar jinya, ga wahalar mayar da abu yadda yake idan an samu matsala.

Shi ya sa wasu suka ce a bar yanka, a yi ɗauri kawai. Lawrence Wilkinson a jihar New Mexico ya gwada haka a ƙarshen shekarun 1970, wasu kuma suka bi sahu a Norwe da Texas. Cikas ɗin shi ne, yadda aka ɗaure ranar tiyata haka zai zauna. In ya yi tsauri, majiyyaci ya yi ta amai. In ya yi sako-sako, ƙiba ba ta motsa ba. Mafita ta zo daga wurare biyu kusan lokaci guda, a tsakiyar shekarun 1980: Dag Hallberg da Peter Forsell a Siwidin, da Lubomyr Kuzmak, ɗan asalin Yukren mai aiki a New Jersey. Suka sa wa zoben balan-balan ta ciki, suka haɗa ta da siririn tiyo zuwa wani ɗan maɓalli da ake binnewa ƙarƙashin fatar ciki. Da allura da ruwan gishiri za a iya ƙara matsi ko a sassauta, ba sai an koma ɗakin tiyata ba. A 1992 Guy-Bernard Cadière ya sa zoben Kuzmak ta hanyar huji a Brussels, sannan Belachew ya zo da wanda aka ƙera musamman domin wannan hanya.

Alkawarin da zoben ya zo da shi mai daɗin ji ne. Aikin bai cika wuce awa ɗaya ba, ana iya sallamar mutum washegari, haɗarin mutuwa a kan gado kaɗan ne ƙwarai, kuma in bai yi ba a cire. Turai da Ostireliya suka fara runguma. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Yunin 2001, a 2011 kuma ta sassauta sharaɗi har ya haɗa da waɗanda ƙibarsu ba ta kai ta da ba, muddin suna da wata cuta mai alaƙa da ita. Sanannun mutane suka ƙara masa suna. Sharon Osbourne ta sa shi a 1999, Chris Christie kuma ya sa a 2013 yana gwamnan New Jersey.

Tiyatar dai ita ce mafi sauƙin ɓangaren lamarin. Ainihin aikin yana farawa ne bayan an koma gida, a gaban kwano.

Makonnin farko ruwa-ruwa ne: romo, madara, yogot mai tsarari. Sai a koma abincin da aka markaɗe, sai mai laushi, har zuwa mako huɗu ko shida lokacin da ɗinkin da ke riƙe zoben ya kama. Daga nan sai ƙarin ruwa na farko. Majiyyaci zai kwanta rigingine, ya ɗan ɗaga kai domin naman ciki ya yi tauri, likita ya laluba da yatsa har ya ji maɓallin, ya soka allura ta musamman wadda ba ta yaga robar, ya tura ruwan gishiri ɗan kaɗan. Sai a ce ya tashi zaune, a miƙa masa kofin ruwa, a zuba masa ido. In ruwan ya wuce salin-alin, a sallame shi. In ya tsaya masa a ƙirji, a sake kwantar da shi a zuƙe kaɗan. A shekarar farko ana iya yin wannan zirga-zirga sau da yawa kafin a dace.

Asibitin Paul O'Brien da ke Melbourne, wanda ya fi kowa tsayawa kan zoben, ya raba lamarin launi uku domin majiyyata su gane. Rawaya na nufin matsi ya yi kaɗan: mutum na jin yunwa, yana cin da yawa. Kore shi ne abin nema, inda ɗan abinci ke ƙosarwa, yunwa kuma ba ta dawowa sai bayan awoyi. Ja kuwa matsi ne da ya wuce kima, alamominsa ƙwannafi, tarin dare, da abinci mai dawowa baki. Ƙa'idojin cin abincin ma ba su da yawa. A zuba abin da bai wuce rabin kofi ba a ƙaramin faranti, a ɗebi ƙaramar loma, a tauna ta har ta zama kamar kunu, a haɗiye, a ajiye cokali, a jira kusan minti ɗaya. In an yi minti 20 a tashi, ko da saura.

Wanda ya manta ya yi babbar loma, nan take jikinsa ke tuna masa. Abincin zai tokare a ƙirji, baki ya cika da yawu mai yauƙi, ido ya kawo ruwa, har sai lomar ta wuce ko ta dawo. Masu zobe sun san wannan sarai, da yawansu kan fara duba inda banɗaki yake kafin su zauna cin abinci a waje. Burodi mai taushi, shinkafa, taliya, busasshen naman kaza, jan nama mai jijiya da ganye mai zare-zare su ne suka fi tsayawa. Da yawa kuma sun lura cewa zoben ya fi matsewa da safe, har karin kumallo ya gagare su, sai da yamma ya saki.

A nan ne babban raunin zoben ya bayyana. Abin da ke da wuyar wucewa shi ne abincin kirki: nama, kifi, ganye, 'ya'yan itace masu ɓawo. Abin da ke sulalewa ba gardama kuwa shi ne askirim, cakulan, biskit, lemon kwalba da madara mai zaƙi. Mutumin da ya gaji da tokarewa a gaban jama'a sai ya koma ga abin da bai taɓa kunyata shi ba. Nauyi ya tsaya cik, ya je asibiti ya roƙi a ƙara matsi, matsin ya ƙara hana shi cin abinci mai tauri, ya ƙara dogara ga mai zaƙi. Likitoci sun ga alamar haka tun kafin zoben ya yaɗu. A 1987 Harvey Sugerman na Virginia ya nuna cewa masu son zaƙi ba sa ramewa sosai da tiyatar da takaita mafitar tumbi kawai take yi.

An kuma ɗauki shekaru ana yi wa majiyyata bayanin da bai cika daidai ba. Ana ce musu zoben ya yi musu ɗan ƙaramin tumbi a sama, wanda ke cika ya riƙe abinci ya dinga ɗigowa ƙasa sannu a hankali, shi ya sa ma aka hana su shan ruwa lokacin cin abinci kada ya wanke shi. Binciken da Paul Burton da abokan aikinsa suka yi a Melbourne ya nuna abin ba haka yake ba. Idan zoben na daidai, kowace loma bututun abinci ne ke matsa ta har ta ratsa, kafin ta gaba ta iso. Wannan matsawar, tare da dannawar da zoben ke yi wa bangon tumbi, ita ce ake ganin tana aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Wani gwaji na 2005 a can ya ƙarfafa hakan: mutanen da ba su san ko an cika zobensu ko an zuƙe shi ba, sun fi jin ƙarancin yunwa a ranakun da yake cike, ko da sun kwana ba su ci komai ba. Ashe amfanin zoben rage yunwa ne, duk wanda ya mayar da shi shingen tare abinci kuwa yana cutar da kansa. Abincin da ke taruwa a sama shi ke buɗa wurin, ya sa tumbi ya zame ta cikin zoben.

Inda aka kula da mutane yadda ya kamata, sakamako ya yi kyau. A 2008 John Dixon da O'Brien suka wallafa gwaji kan mutum 60 masu ciwon suga: bayan shekara biyu, ciwon ya lafa a kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka sa wa zobe, a sauran kuwa kashi 13 ne kawai. A 2013 O'Brien ya kawo rahoton sama da mutum 3,000, inda waɗanda suka kai shekara 15 suka zubar da kusan kashi 47 cikin 100 na rarar nauyinsu, wato abin da ya ɗoru kan nauyin da ya dace da tsayinsu. Duk da haka, ko a wannan rahoto, kusan ɗaya cikin huɗu sun sake komawa tiyata saboda saman tumbin ya buɗe.

A wasu wuraren labarin ya fi muni. A 2011 Jacques Himpens na asibitin Saint-Pierre da ke Brussels ya bibiyi mutanen da aka sa wa zobe tsakanin 1994 da 1997. Cikin 82 da aka samu, kusan rabi an riga an cire musu, kuma a fiye da kashi ɗaya cikin huɗu zoben ya ci bangon tumbi ya kutsa ciki. A Amurka, nazarin da aka wallafa a 2017 kan mutum kusan 25,000 da ke ƙarƙashin inshorar gwamnati ta Medicare ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar an sake yi musu aiki, kuma kusan rabin kuɗin da aka kashe kan zoben ya tafi ne wajen gyara ko cirewa.

Ba za a ɗora wa robar laifin duka ba, ba kuma za a ɗora wa majiyyata ba, ko da yake su aka fi zargi da rashin kamun kai. An sayar da tiyatar, ba a sayar da kulawar da ke biye da ita ba. Likita na samun kuɗi mai tsoka a awa ɗaya ta ɗakin tiyata, amma zaman shekara da shekaru yana sauraron abin da mutum ya ci yana daidaita rabin mililita ba ya kawo wani abin kirki. A kudancin California an cika manyan tituna da allunan talla masu lambar waya, suna kiran masu ƙiba su zo a sa musu zobe, har a Disambar 2011 hukumar magunguna ta aika takardun gargaɗi saboda tallan bai bayyana haɗarin yadda ya kamata ba. Daga Birtaniya kuma mutane sun riƙa tsallakawa ƙasashen waje neman araha, su dawo gida babu wanda ya ɗauki nauyin duba su. Abin takaici ne a tura mutum gida da na'urar da sai an yi ta daidaitawa, ba tare da an tanadar masa mai daidaitawar ba, sannan in ta gaza a ce shi ne mai kwaɗayi.

Faɗuwar ta zo da sauri. A 2011 zoben na da sama da kashi ɗaya cikin uku na tiyatar ƙiba a Amurka. Zuwa 2019 ya koma kusan kashi 1 cikin 100. Wadda ta karɓe kasuwar ita ce tiyatar yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar shi siriri, aikin da ba a iya mayarwa, amma ba ya buƙatar allura duk wata. Shi kansa Lap-Band ya yi ta sauya hannu, daga Inamed zuwa Allergan a 2006, zuwa Apollo Endosurgery a 2013, zuwa ReShape a 2018. Babban gwajin da aka yi a asibitocin Ingila kan sama da mutum 1,300 ya kwatanta hanyoyi uku kai tsaye: zobe, yanke tumbi, da tsallaken tumbi, wato haɗa ƙaramin sashensa da hanji irin wanda Mason ya fara. Bayan shekara uku, waɗanda suka zubar da aƙalla rabin rarar nauyinsu sun kai kashi 68 cikin 100 a masu tsallaken tumbi, 41 a masu yankakken tumbi, 25 a masu zobe. Tun daga 2021 kuma allurar rage ƙiba irin Wegovy ta janye da yawa daga cikin masu neman hanyar da babu yanka.

Har yanzu akwai ɗaruruwan dubban mutane da ke yawo da zoben a jikinsu. Wasu sun shekara 20 da shi lafiya ƙalau, suna cin rabin kofinsu, suna zuwa dubawa sau ɗaya ko biyu a shekara. Wasu kuma asibitin da ya sa musu ya daina aikin, matasan likitoci da yawa ba su taɓa koyon laluben maɓallin ba. Idan aka cire zoben ba a yi wata tiyata a madadinsa ba, yawanci yunwa na dawowa, nauyi ya biyo ta, shi ya sa likitoci kan ba da shawarar a sauya zuwa ɗaya daga cikin sauran hanyoyin biyu, ko a lokaci guda ko bayan 'yan watanni idan tabon ya warke. Ga wanda ke ɗauke da shi kuwa, ƙwannafin da ya ƙi ji, tarin dare, ko amai da ya hana ko ruwa wucewa, alamu ne na a nemi likita cikin gaggawa, kuma abu na farko da zai yi shi ne zuƙe ruwan zoben.