Farin 1973 da abin da ya bari a dajin kiwo

Duk wanda ya zauna da dattawanmu na Sabo a Ibadan ko na Agege a Legas ya tambaye su yaushe suka baro gida, zai samu waɗanda za su ce masa "shekarar fari". Yau za mu waiwayi wannan fari, mu ga abin da ya yi wa ciyawar da shanunmu ke ci, domin har gobe muna cikin tasirinsa.

Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, daji ya bushe, daga baya ya farfaɗo. A shekarun 1950 kuma sai aka yi ta samun damina mai albarka a jere. Manoma suka yi ta sharar sababbin gonaki suna nausawa arewa, musamman don gyaɗa. Allurar rigakafi da rijiyoyin burtsatse suka sa dabbobi suka ƙaru. Hukumomi sun hango matsin da ke tafe. A 1961 Nijar ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, a 1965 kuma gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Amma jama'a sun riga sun saba da shekarun wadata, sun ɗauka haka za a dawwama.

Kafin mu shiga farin, sai mun san cewa ciyawar daji iri biyu ce. Akwai mai daɗewa irin gamba, wadda ake saƙa zana da ita. Saiwarta na zaune a ƙasa shekara da shekaru, tana riƙe ƙasa, kuma da an yi ruwan farko sai ta tofo. Akwai kuma mai shekara ɗaya irin karangiya da ƙyasuwa, waɗanda ke zubar da iri su mutu, irin ya kwanta ya jira wata damina. Idan fari na shekara ɗaya ne, duka biyun suna tsallakewa. Idan ya jera shekaru, ga dabbobi masu yunwa suna cin duk tohon da ya leƙo, saiwar gamba takan ƙare ta mutu.

Haka kuwa aka yi. Daga 1968 ruwa ya fara ja baya a yankin Sahel, tun daga Senegal har Chadi, abin ya kai maƙura a 1972 da 1973. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye har ya rabu gida biyu. Shanu suka taru a bakin 'yan rijiyoyin da suka rage, suka cinye ciyawar kewaye ƙarƙaf, da yawa suka mutu a nan. Makiyayi ya sayar da saniya a kan kuɗin da bai kai na buhun gero ba. Mutane suka koma sussukar karangiya suna cin tsabarta. A Nijar, ƙorafin yadda aka tafiyar da abincin agaji na cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar lokacin da ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974.

Daji bai gama murmurewa ba sai ga wani farin a 1983 da 1984, ga kuma cutar bushiya ta faɗa wa shanu a Najeriya. A wurare da dama na arewa gamba ta ɓace, karangiya ta maye gurbinta, wani wurin ma sai tafasa da tumfafiya. Inda ƙasa ta zauna tsirara, iska ta kwashe ta sama mai taki, abin da ya rage ya daskare ya zama faƙo. Ruwa in ya sauka a faƙo ba ya shiga, gudu yake yi. Ciyawa mai shekara ɗaya kuma rayuwarta a hannun damina take: bana ta cika daji, baɗi babu ko tsinke. Wannan ne ya sa makiyaya da dama suka gangaro kudu, inda sare dazuzzuka ya rage ƙudan tsando, wasu kuma ba su sake komawa ba.

Da farko an ɗora laifin duka a kan makiyaya da manoma. Daga baya masana suka nuna cewa sauyin ɗumin ruwan tekuna ne babban abin da ya janye damina daga Sahel a waɗancan shekaru, yawan kiwo da sharar gona suka ƙara wa Barno dawaki. Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da wani hali daban. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Ga zafi ya ƙaru, ga ruwa yakan ɗauke a tsakiyar damina. Irin ciyawa ya tsiro da ruwan farko, a yi makonni babu ɗigo, tsiron ya ƙone, irin da ke ƙasa ya ragu.

Duk da haka, ƙasar ba ta mutu ba. A yankin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke tohon kututture a gonakinsu, suka riƙa gyara shi yana girma. Gawo da sauran itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Gawo na zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. A faƙo kuwa, ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata sun sa ciyawa ta sake fitowa.

Mu da ke zaune a kudu, da yawanmu da kasuwar kara muke ci, kuma muna aika kuɗi gida ana noma. Idan za ka aika na bana, ka haɗa da saƙo: kada a sare gawon da ke gona, kada a cinna wa daji wuta, kada a nome burtali. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya, amin.