Majan: Wanda Ya Yar, Shi Zai Biya

Yau za mu leƙa ƙasar Japan, can gabas mai nisa, mu ga wani wasa da ake kira majan. Ba su suka ƙago shi ba. Daga ƙasar Sin ya fito cikin ƙarni na 19, ya bazu a biranen Japan wajen 1924 zuwa 1930.

Mutum 4 ke yin sa, da ƴaƴa 136 masu zane a fuska, waɗanda dā ake sassaƙawa da ƙashi da gora. Kowa yana riƙe da 13. In layinsa ya zo, ya ja ɗaya ya yar da ɗaya. Wanda ya fara haɗa gungu 4 na uku-uku, da wasu biyu masu kama ɗaya, shi ya ci.

A tsohon wasan Sinawa, in mutum ya ci, sauran ukun duk suna biya. Japanawa suka sake wannan. Suka ce in ɗan da ka yar ne ya cika hannun wani, kai kaɗai za ka biya. Tun daga nan wasan ya zama na taka-tsantsan. Kowa yana jera abin da ya yar a gabansa, shida-shida, don a gani.

Wannan doka ta haifi wata, sunanta furiten. In ɗan da kake jira yana cikin waɗanda kai da kanka ka yar, ba ka da ikon ci daga hannun kowa, sai in ka jawo da kanka. Ko iri biyu kake jira, ka taɓa yar da ɗaya, duka biyun sun haramta gare ka. Sabon shiga yakan ga zalunci ne. Ni kuwa ina ganin adalci ne: maƙwabcinka ya dubi abin da ka zubar, ya amince, don me za ka kama shi da shi?

A 1952 wani gwani, Amano Daizo, ya buga dokokin rici a jaridar Hoci. Wanda saura ɗa guda ya ci, in bai ɗauki na kowa ba, sai ya ce "rici", ya aza maki 1.000. Ladansa ya ƙaru, amma ba ya sake canza hannunsa.

Har yanzu akwai inda ba a daidaita ba. In mutum biyu suka nemi ɗa guda, wani gida a biya su duka, wani gida na kusa a layi kaɗai ke ci. Haka kuma akwai hannun da lissafinsa 7.700 ne, wasu su cika shi 8.000. Shi ya sa baƙo, kafin ya zauna, yakan tambayi dokar gidan.