Tarihin launin tef ɗin da ake naɗe kan keken tsere

Duk wanda ya taɓa kallon tseren keke na Turai a talabijin ya ga yadda kan keken yake lanƙwashe ƙasa, an naɗe shi da tef. Aikin tef ɗin shi ne hana hannu zamewa idan gumi ya zubo, amma launinsa yana da nasa tarihin.

A farko ƙyallen auduga ne ake naɗawa. Wasu sukan shafa masa wani irin mai mai sheƙi da ake kira shelak don kada ruwa ya ci shi, sai ya koma launin zuma. Manyan 'yan tsere kuwa fari suka fi so, kuma da dalili. Farin ƙyalle ba ya kwana biyu bai yi dauɗa ba, ga gumi, ga ƙura, ga baƙin man sarƙa. Wanda yake fitowa kullum da farin tef tas, to yana da makanikai masu sauya masa sabo. Wato farin nan shaida ce cewa mutum ya zama ƙwararre, ana biyansa albashi. Dubi hotunan Eddy Merckx ɗan Beljiyam, wanda ya ci gasar Tour de France sau biyar tsakanin 1969 da 1974, za ka ga galibi fari ne a kan kekensa. Mai hawa don nishaɗi, wanda shi ke wanke kekensa da kansa, baƙi ya fi masa rufin asiri.

A shekarun 1970 kamfanin Benotto ya shahara da tef na leda mai ƙyalli, launi iri-iri. Yana da kyan gani, sai dai siriri ne, ba ya rage girgizar hanya. A shekarun 1980 kamfanin Cinelli na Italiya ya fito da mai taushi, wanda aka haɗa da ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi. Daga nan ja, shuɗi da kore suka cika kasuwa.

Launi biyu kuwa daga jarida suka samo asali. Tun 1919 ake ba wanda ke kan gaba a Tour de France riga ruwan ɗorawa, kuma ana danganta hakan da jaridar L'Auto da ta shirya gasar, wadda ake bugawa a takarda mai wannan launi. A gasar Giro ta Italiya, tun 1931, rigar ruwan hoda ce, launin takardar jaridar La Gazzetta dello Sport. Yanzu da zarar ɗan tsere ya karɓi rigar, makanikai sukan sauya masa tef a daren, da safe ya fito da kan keke mai launin rigarsa.

Shi ya sa a wajen masu bin wasan, wanda ya naɗa ruwan ɗorawa a gasar alhali ba shi ke kan gaba ba, ana masa kallon mai rawar kai. A ganina suna da gaskiya, domin wasu sun shafe mako uku suna hawan duwatsu saboda launin nan.